Shekarar da Na Binne Iri Duka

Kwana goma sha ɗaya ke nan hadari na haɗowa ta gabas bayan la'asar, ya yi baƙi ƙirin, iska ta taso ta kwashe ledojin bakin tasha, sannan ya watse ba ko ɗigo. Ni kuwa irin wannan jira bai taɓa karɓata ba. Na kasa zama a shagona na taki da iri da ke kan hanyar Magama. In leƙa waje, in dawo, in gyara buhun da ba abin da ya same shi, in sake leƙawa. Matata ta ce in ban yi hankali ba sai na huda sama da ido.

Ina cikin wannan hali 'yata Nafisa ta same ni jiya, waya a hannu. Bana take gama sakandare, ita ce shugabar ɗalibai a makarantarsu, kuma tana cika fom na neman shiga jami'a, ɓangaren haɗa magunguna. Wai akwai wurin da aka ce ta rubuta irin shugabancin da ta taɓa yi, da baiwar da Allah ya ba ta, da darussan da suka fi jan hankalinta.

"Baba, so nake in fara da labarinka," in ji ta. "Yadda ka tayar da gonar makarantarku a shekarar yunwa. Sai in ce gado na yi."

"Rubuta naki mana," na ce. "Ba ke kika tara 'yan ajinku kuka riƙa koya wa ƙananan lissafi ran Asabar ba?"

"Ai kowa irin wannan zai rubuta. Naka ya fi daɗi."

Na ce mata zafi ya dame ni, ta bari sai an jima. Ba zafi ba ne. Labarin gonar nan ni na ba su shi tun suna ƙanana, kuma duk lokacin da na ba da shi akwai mutum guda da nake cirewa.

Muna aji biyar a shekarar. Daminar da ta wuce ta yi gardama, gero na fitar da kai ruwa ya ɗauke, abin da aka girbe bai kai mu tsakiyar rani ba. Kafin bazara ta kankama rumbun gidanmu ya koma wurin da kaji ke fakewa rana. Da safe Inna ta dama kunu tsararo, wanda kana iya ganin gindin kwano ta cikinsa. Da rana ba a ɗora tukunya, sai dai a jiƙa busasshen ganyen tafasa a kwaɗa da ɗan ƙuli. Da magariba a tuƙa garin rogon da manyan motoci ke kawowa daga kudu, a yi miyar kuka ba mai, a ci a sha ruwa da yawa a kai. Ruwan ma sai ƙannena sun je sun tone yashin gulbi, su zauna su jira ya tsattsafo, su kwasa da ludayi. A aji kuwa rufin kwano ƙara yake yi don zafi, biro ya narke a aljihu, kuma ba a yin taron safe biyu a jere ba wani ya yanke jiki ya faɗi ba.

A tasha, inda motoci ke layi suna jiran kwastan, babu hirar da ta wuce ta ruwa. Direba ya sauko daga Maraɗi, kafin ya gama amsa sannu da zuwa an tambaye shi inda hadari ya tsaya. Ya ce ya baro yayyafi a Ɗan Isa, nan take labari ya zaga gari, wasu har su fara wasa sungumi. Yunwar ta fi tsanani a ƙetaren iyaka, don haka kullum ana samun sababbin fuskoki cikin 'yan dako.

Lawali ɗan ɗaya daga cikin tsofaffin 'yan dakon nan ne. Ubansa daga wani ƙauye bayan Madarunfa ya zo, ya zauna Jibiya. Shi Lawali ya fara karatu a can, a makarantar da suke kira lakwal, shi ya sa in lissafi ya yi zafi sai ka ji yana ƙirge da Faransanci ƙasa-ƙasa. Muka sa masa Mushe, wato malam a bakinsu. Tafiyarsa a hankali, maganarsa a hankali, ga tambayar tsiya. Me ya sa ƙasan gawo ke ba da gero mai kyau? Me ya sa wake ba ya son taki da yawa? Har Malam Haruna, malaminmu na noma, ya kan ce masa, "Lawali, ka bar ni in gama allon nan." In an tashi daga makaranta ya wuce tasha ya karɓi gammon ubansa.

Ni ne shugaban Ƙungiyar Noma ta makaranta, shi mataimakina. Baki ya ba ni kujerar. Ni ke wakiltar makaranta a muhawara, kuma in na miƙe gaban jama'a ba na neman kalma. Na ɗauka shugabanci ke nan.

Ana saura 'yan makonni mu fara jarrabawar fita, Malam Haruna ya shigo aji da takarda. Wata kwalejin noma ta ce za ta ɗauki ɗalibi ɗaya daga makarantarmu. Bayan jarrabawa za su aiko mutum ya duba gonar makaranta, ya yi magana da wanda ya jagoranci aikin, in ya gamsu ya rubuta sunansa. Gurbi ɗaya tak. Ni kuma babana ya riga ya gaya mini cewa ina ajiye biro zan bi motar ƙanensa, in koyi ɗaurin kaya. Tun daga ranar ban sake zama wuri ɗaya ba. In ina aji hankalina na gona, in ina gona ina lissafin kwanaki.

Matsalar ita ce makaranta ba ta da iri ko ƙwaya. Sai na tsaya gaban taron safe na yi abin da na iya. Na ce kowa ya roƙo gwangwanin madara ɗaya na gero daga gida, mu nuna wa duniya cewa 'yan Jibiya ba sa kwanciya. Aka yi tafi. Wanda bai ga wannan shekara ba ba zai san abin da na roƙa ba. Iri a lokacin ɓoye shi ake yi, har daga mutanen gida. Namu Inna ta zuba a tulu ta gauraya da toka, ta liƙe bakin da laka, ta tura ƙarƙashin gadonta don kada yunwa ta rinjayi wani. Kwana biyu ina binta kafin ta fasa lakar.

"Abin ga ba hatsi ba ne, Kabiru," ta ce tana aunawa, ta share kan gwangwanin da yatsa. "Cin badi ne na ɗiban maka. Ka riƙe da kyau."

Abin da muka tara ya kai tiya biyu da 'yan kai. Na zuba ido a sama, sama ta ƙi. Na ƙirga kwanakin da suka rage kafin zuwan baƙo, na ga in aka ci gaba da jira, fili zai tarar. Sai na yanke cewa binne za mu yi. Binne shi ne a shuka a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, iri ya kwanta ya jira, ranar da aka yi ruwan farko ya riga na kowa fitowa. Mutanenmu na yi, ba sabon abu ba ne. Amma suna da ƙa'ida biyu da kowane yaron ƙauye ya sani: ba a binne iri duka, kuma ana nutsa shi sosai, yadda ƙaramin yayyafi ba zai kai gare shi ya yaudare shi ba.

Lawali ya same ni a bakin sito ina raba irin a ƙore.

"Shugaba, ba a bizne iri duka," ya ce. "Mu raba shi biyu, rabi ya kwana ɗaka."

"Rabi ba zai cika gonar ba. So kake baƙo ya zo ya ga gona kamar kan mai ƙora?"

"To, a zurfafa rami."

Na buɗe masa littafin noma, na ɗora yatsa a kan layin da ya faɗi zurfin shukar gero. Inci ɗaya. Har rula na zo da ita.

Ya daɗe yana kallon shafin. "Littahin ga," ya ce, "a wace ƙasa anka rubuta shi?"

'Yan aji suka kwashe da dariya, ni kuma raina ya ɓaci. Na ce in shi ne shugaba ya faɗa mu ji. Ya ɗauki sungumi.

Ran Asabar muka yi aikin, daga fitowar rana. Masu sungumi a gaba suna sara, masu ƙore a baya suna jefa iri suna rufewa da diddige. Kafin hantsi yashi ya fara cin tafin ƙafa, mutane na aiki suna ɗaga ƙafa ɗaya. Yawancinmu kunun safe ne kawai a ciki. Ni kuma ina bin layi da rula ina tsoma ta a ramuka, in na ga wanda ya zurfafa in daka masa tsawa. Da azahar ba sauran ƙwaya ɗaya a ƙwarya. Na tsaya na dubi filin, na ji kamar na riga na shiga kwaleji.

Kwana huɗu bayan nan aka yi yayyafi. Ƙamshin ƙasa ya tashi, yara suka fito tsirara suna ihu, ni ma na ruga gona ba takalmi. Na tarar da Lawali a tsugune ya tura yatsa a ƙasa. Ya zaro ya nuna mini. Danshin bai wuce gaɓa biyu ba, ƙarƙashi busasshe ne ƙamas.

"Bai haɗe ba," ya ce.

Inci ɗaya kuwa ya jiƙa sarai. Cikin 'yan kwanaki gero ya huda ƙasa, siriri, kore shar, layi-layi har ƙarshen shinge. A duk Jibiya ba inda ke da kore sai gonarmu. Na je na jawo shugaban makaranta da hannu ya zo ya gani. Daga nan sama ta wanke, rana ta buɗe, ta yi kwana goma sha biyu ba ko girgije. Ina zuwa da safe, ina zuwa da rana, ina zuwa da yamma, kamar zuwana zai hana wani abu. Ganyen ya fara naɗewa, ya yi fari, ya kwanta, iska ta kwashe shi. Na tona ramuka da hannu ko akwai ƙwayar da ta yi jinkiri. Babu. Duk sun fito, duk sun mutu.

Ba wanda ya zage ni, kuma na fi son a ce an zage ni. Wata 'yar ajinmu dai ta tsaya a gabana ta ce, "Shugaba, mi za mu ce ma iyayenmu?" Tun daga ranar in an kira ni Shugaba, ina jin dariyar da ke ƙarƙashi. A gida kuwa, da aka zo shukar gonarmu, kusurwar da ke wajen tsamiya haka aka bar ta, iri bai kai ba.

Ruwan gaske ya sauka ranar da muke rubuta lissafi. Ya daki kwano har ba a jin abin da mai tsaron jarrabawa ke faɗi, iska mai sanyi ta shigo ta taga, kowa na murmushi a kan takardarsa. Ni hawaye nake riƙewa. Washegari gari ya watse, tasha ta yi shiru, har direbobi sun ajiye motoci sun tafi shuka. Gonar makaranta ta sha ruwa ta ƙoshi, ta fara fitar da ciyawa. Malam Haruna ya tafi Katsina aikin duba takardu, ya ce zai dawo tare da baƙon. Na yi ta shirya ƙaryar da zan yi. In ce zabi sun tone, in ce ɓeraye, in ce irin ne ba kyau. Ko abincin da ba ya isa na kasa cinye rabona.

Wata yamma ina zaune a kan shinge sai ga Lawali da gammo a hannu, daga tasha yake.

"Nan da kwana kaɗan za a hwara rage shuka," ya ce. "Abin da anka cire, awaki aka ba. Mu roƙa, mu dasa."

"Ana dasa gero?"

"Dawa da maiwa sun hi kamawa. Can garinmu haka muke cike gurbi."

Ban yarda ba, amma ba ni da wata dabara. Shi ya yi komai. Abokan dakon ubansa da suka koma ƙwadago a gonakin ƙauyukan Riko da Kusa, su suka gaya masa inda shuka ta yi kauri, ya bi masu gonakin ɗaya bayan ɗaya ya durƙusa ya roƙa. An gama jarrabawa, babu mai ikon tilasta wa kowa zuwa makaranta, amma ya bi gida-gida, mutum ashirin da wani abu suka fito. Ni da na kira taro, mutum uku na gani. Ya raba mu kashi uku: masu ɗaukowa, masu datsa, masu dasawa. A tafi da sassafe a bi bayan masu cira, a tattara, a naɗe saiwar a jiƙaƙƙen buhu, a ɗoro a ka. A zauna a inuwa a datse kan ganyen da wuƙa. Ba a dasawa sai bayan la'asar, rana ta yi sanyi, a danna gindin da diddige. Kwana biyar muna wannan, ƙafa cikin laka, ciki ba komai sai ɗanyar gyaɗar da wani mai gona ya tausaya ya ba mu.

Washegarin dashen farko na zo na tarar duk sun kwanta, lanƙwas, kamar an watsa musu ruwan zafi. Na yi kan Lawali.

"Ka gani ko, Mushe? Ka sa mun sha wahalar banza!"

"Bar su," ya ce. "Kwana ukku sukan yi."

A rana ta huɗu suka miƙe. Sabon ganye ya leƙo daga tsakiya, ya wuce wanda aka datse. Kafin mako biyu gona ta rufe.

Ranar da baƙon zai zo ni na raba aiki, tunda har lokacin ni ne shugaba a takarda. Wasu su share hanya, wasu su ɗauko benci. Da na zo kan Lawali sai na ce shingen arewa ya ɓalle, awakin unguwa na shigowa, ya je ya tsare. Shingen arewa shi ne mafi nisa daga inda za a tsaya. Gaskiya ne ya ɓalle, amma ɗan aji ɗaya ma ya isa ya tsare shi. Na san abin da nake yi. Shi ma ya sani. Ya dube ni kaɗan, ya sunkuya ya ɗauki kara, ya tafi da tafiyarsa ta kullum.

Baƙon gajere ne, da takalmin roba har gwiwa. Bai zauna a bencin ba. Ya shiga cikin shuka ya tsuguna, ya kama wani tsohon ganye ya ga wurin da wuƙa ta bi.

"Ai wannan dashe ne," ya ce. "Dabarar wane ne?"

Malam Haruna, wanda bai san komai ba sai koren da ya tarar, ya juyo gare ni yana murmushi. 'Yan ajinmu na tsaye a bayana.

"Da na ga shukar farko ta ƙone, ranka ya daɗe, sai na ga bai kamata mu zauna ba," na ce.

"Me ya sa kuka datse ganyen?"

"Don kada iska ta kayar da shi, kuma kada rana ta shanye shi kafin ya kama."

Kalmomin Lawali ne, haka ya faɗa mana a inuwa, ko ɗaya ban canza ba. Baƙon ya gyaɗa kai, ya ce irin waɗannan yara suke nema, masu tunani da jan jama'a. Ya tambayi cikakken sunana, ya rubuta. Daga can arewa ana jiyo muryar Lawali yana korar awaki. Cikin mutum ashirin da wani abun nan ba wanda ya yi tafi.

Na yi kwaleji, na yi aikin malamin gona shekaru masu yawa, na ajiye na buɗe shago. Yau iri a leda yake zuwa, da hoton zangarniya a jiki, labarin ruwa kuma a waya ake dubawa. Gonakin nesa da muka roƙo dashe a cikinsu, wasu sun gagari masu su saboda halin rashin tsaron da ake ciki. Su Nafisa ba wanda zai zo ya tsuguna ya duba aikinsu, abin da suka rubuta a fom shi za a karanta. Lawali ya ci jarrabawarsa, har ya fi ni a lissafi, amma babu wani gurbi, babu mai tsaya masa, ƙafar ubansa kuma ta fara ciwo. Ya riƙe gammon. Yanzu shi ne babban 'yan dako a tasha, gemu ya yi fari, in rigima ta tashi tsakanin direbobi shi ake nema. Ba a yin mako ba mu gaisa ba, kuma bai taɓa tayar da zancen ba.

Ranar da zan tafi kwalejin, na fito da akwatin ƙarfe ina ta kici-kici da shi sai ga shi a ƙofar gida. Ban aika masa ba. Ya naɗa gammo ya ɗora akwatin a ka, muka bi ta kasuwa har tasha, shi a gaba ni a baya. Ya hau saman mota ya ɗaure shi da kansa, ya ja igiyar sau biyu ya tabbatar. Da direba ya tayar, sai ya dafa taga ya leƙo.

"Kabiru, in ka je, ka tambayo muna wani abu."

"Mene ne?"

"Dashen nan. Na san yana kwanciya kwana ukku, amma ban san mi ya sa ba. Mi ke hwaruwa cikin ƙasa? Can akwai waɗanda sunka sani. Ka tambayo, in ka zo hutu ka hwaɗa mini."

Na ce in sha Allahu. Mota ta ja.

A zangon farko aka koya mana. Ƙananan gashin saiwa ne ke tsinkewa wajen cira, sai sun sake fitowa tsiro zai iya shan ruwa, ganye kuma yana ta zubar da ruwan jikinsa ta wasu 'yan ƙofofi, shi ya sa datsawa ke cetonsa. Ina zaune a aji na rubuta shi a bayan littafina, na ja layi biyu a ƙasa, na sa sunan Lawali a gefe. Amsar ba ta fi numfashi uku ba. Shekara talatin da ɗoriya ke nan ina ɗauke da ita ina wuce shi a bakin tasha, don na san ranar da na tsaya zan faɗa masa, sai na fara da maganar awaki.